Neman Kausar a Santambul

Kwana tara ke nan Munzali bai ji muryar 'yarsa Kausar ba. Wayarta a kashe take, saƙonnin da ya tura mata kuma suna nan jere, babu wanda ya shiga. Ga shi yarinyar ba ma'abociyar shiru ba ce. Tun da ta sami gurbin karatun aikin jinya a Santambul shekara biyu da suka wuce, rana ba ta faɗuwa ba ta turo masa murya ba: yau an yi ruwa, yau ta ƙona shinkafa, yau malama ta yaba mata. A saƙon ƙarshe ta ce mura ce ke ɗan damunta, kada ya gaya wa Umma. Daga nan sai ɗif. Bayan kwana uku ya ji a labarai an saka wa ƙasar da take baki ɗaya dokar kulle saboda korona.

Shi direba ne a wani kamfanin gine-gine a Doha, shekararsa ta shida ke nan. Kullum da sassafe yakan baro ɗakinsu na Mansura, ya je Ain Khaled ya ɗauko manya biyu, ya kai su wani dogon gini kusa da Mushairib, masaukin baƙi da ake rige-rigen gamawa kafin Kofin Duniya. Ɗaya Lefteris, injiniya ne Bagirke, mai furfura da yawan tsaki. Ɗayan Tunjai, Baturke, shugaban masu zuba kankare, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ko gaishe ka ya yi sai ka ɗauka faɗa ne. Kamfani ne ya haɗa su mota ɗaya, ba su suka zaɓi juna ba. A gari ɗaya aka haife su, kuma garin nan shi ne inda Kausar take. Amma shekara biyu suna zaune a bayan Munzali, har yau ba su daidaita a kan sunan garin ba.

"Mu a Konstantinupoli," Lefteris zai fara, yana leƙen sama ta gilashi, "ba haka safiya take ba."

"Ina ne nan kuma?" in ji Tunjai. "Je filin jirgi ka ce a ba ka tikitinsa mu gani. Istanbul za su rubuta maka, ka karɓa ka yi godiya."

"Shekara dubu yana da wannan suna kafin kakanninka su sauko daga kan doki."

"Kafin nan ba Bizantiyon ake ce masa ba? Ku kuka fara canzawa. Mu mun yi sau ɗaya, kun cika duniya da kuka."

Da Turanci suke farawa, in abin ya yi zafi su koma Turkanci, wanda Lefteris ya iya sarai amma ba ya taɓa shi sai wajen zagi. Munzali ya haddace labaransu tsaf. An kori mahaifin Lefteris daga garin da akwati ɗaya mai nauyin kilo ashirin, lokacin shi Lefteris yana ɗan shekara huɗu. Kakar Tunjai kuwa daga ƙasar Girka aka loda su a jirgin ruwa aka kawo su, har ta mutu da yaren can take sambatu a barci. Da farko ya tausaya musu. To, amma miki in ana tone shi kowace safiya don a ji daɗin hanya, ƙyama yake bayarwa. Sau ɗaya suka ce ya raba gardama, ya ce shi dai Santambul ya taso ya ji ana faɗa, a littafin malaminsu kuma Ƙusɗanɗiniyya. Suka yi masa dariya har da buga kujera. Tun ranar ya kama bakinsa, bai kuma taɓa gaya musu yana da 'ya a can ba. Mutum ba ya kai zancen 'yarsa gaban masu bakin da ba shi da linzami.

A safiya ta goma, ana cikin goman ƙarshe na azumi, matarsa Sakinatu ta kira shi daga Bichi yana ɗaura takalmi. Muryarta ta dushe.

"Malam, ba ka ce mutanen garin kake ɗauka a mota ba?"

"Su ne. Amma ba irin mutanen da ake roƙo ba ne."

"To wa za mu roƙa? Yaya Sagiru ne ya san kan takardunta da lambar makarantar, kuma ƙasa ta rufe masa ido. In za su wulaƙanta ka, su wulaƙanta ka, ni dai a buga mata ƙofa."

Don haka da danja ta tsayar da su, ya gyara takunkuminsa, ya juyo.

"Ku gafarce ni, yallaɓai. Ina da 'ya a garinku. Kwana goma ban ji ta ba, kuma ta ce mini tana mura."

"Garin wa?" in ji Lefteris.

Munzali ya sa hannu a aljihu. Ya miƙa musu wayarsa, ga hoton takardar adireshi da Kausar ta turo lokacin da aka rufe ɗakunan kwanan makaranta ta kama haya.

Tunjai ya karɓa, ya ƙanƙance ido. "Kurtulush. Na san wurin, baƙaƙen fata da yawa a nan suke haya."

Lefteris ya fizge wayar. "Tatavla. Sunan unguwar Tatavla. Sai da ta ƙone suka laƙaba mata wannan. A cocin da ke kan tudun aka ɗaura auren iyayena."

"Shekara casa'in da canzawa, tsoho. Ko mai kai wasiƙa bai san wannan sunan ba."

"Ba za ku iya gina unguwa ba, sai dai ku canza allo."

Danja ta ba da hannu, Munzali ya ja mota. Ta madubi yana ganin wayarsa a hannun Lefteris, ana nuna Tunjai da ita kamar sanda, har fuskarta ta yi duhu. Sun wuce shataletale biyu, sun ratsa layin manyan motocin yashi, babu wanda ya tambayi shekarun yarinyar, balle irin murar. Ga shi da azumi, ya buɗe gilashi ya tofar da yawu.

Sai a bakin ƙofar wurin aiki suka tuna da shi. Tunjai ya ce matar ƙanensa tana aiki a ofishin wani asibiti, za ta iya duba sunayen waɗanda aka kwantar a garin. Lefteris ya ce shi ba ya buƙatar ofishi, yana da goggo mai suna Despina, ta haura tamanin, ba ta taɓa barin unguwar ba, kuma babu mai kula da gidan haya a layukan nan da ba ta da lambarsa. Kowa yana magana yana kallon ɗan'uwansa, ba Munzali ba.

"Sunanta?" in ji Tunjai, ya zaro biro.

"Kausar."

"Kausar Munzali." Ya rubuta a bayan kwalin takunkumi. Munzali ya gyaɗa kai. Ai 'yarsa ce.

Kwana uku suka wuce, har da Juma'ar da ya yi a kwance yana kallon silin. Amsa ta zo daga ɓangare biyu, kuma iri ɗaya ce. Matar ƙanen Tunjai ta duba, babu mai wannan suna a ko'ina. Goggo Despina ta sami mai kula da gidan, ya buɗe littafinsa, ya ce hawa shida ne, kowane ɗaki cike da ɗalibai da 'yan ci-rani, amma babu Kausar, ba a kuma taɓa yi ba.

"Ka ga, Munzali," in ji Tunjai, yana sassauta murya kamar mai yin alheri, "Istanbul babban gari ne. Yarinya ta zo daga ƙauye, ta ga fitilu. Wani lokaci adireshin da ake tura wa uba daban, inda ake kwana daban. Kada ka ɗaga hankalinka, in kuɗin saurayin ya ƙare za ta kira."

"Kada ka zargi yarinya," in ji Lefteris. "Garin da ya ɓatar da mutum dubu ɗari daga cikinmu, yarinya ɗaya ce za ta gagare shi?"

Munzali ya ci gaba da tuƙi. Ɗaya ya zubar wa 'yarsa mutunci, ɗayan ya mayar da ita dutsen jifa, kuma dukansu biyu suna jiran ya ce ya gode. Ya ce ya gode. Wannan godiyar ta fi komai tsaya masa a rai har ya koma gida.

Da yamma ya tarar da Lado, abokin ɗakinsa, mai gadi a wani kanti, yana dama kunun gyaɗa a kan ƙaramin risho, ana jiran kiran salla. Lado ya girme shi, kuma mutum ne da ba ya gaggawar magana. Ya saurari labarin duka yana juya ludayi.

"Baban Kausar," ya ce, "wane suna ka ba su?"

"Sunanta mana."

"Wanne? Ba ka taɓa gaya mini sunan tsohuwarka ta ci ba?"

Sai abin ya faɗo wa Munzali a rai.

Haka ne. Ranar suna, sunan mahaifiyarsa aka raɗa wa jaririyar. Ba wanda zai tsaya a tsakar gida yana ƙwala kiran sunan uwar miji, don haka tun kafin a watse Sakinatu ta ce a riƙa ce mata Kausar, kuma shi ke nan ya bi ta. Ga shi 'yar fari ce. Da aka yaye ta, yayansa Sagiru ya ɗauke ta riƙo ya tafi da ita Kano, shi ya kai ta firamare, kuma da malami ya tambayi sunan uba, nasa ya bayar, don a wurinsu babu bambanci. Daga takardar firamare zuwa ta sakandare, daga nan zuwa fasfo, haka abin ya tafi. Munzali ya san duk wannan. Ya taɓa riƙe fasfon a hannunsa. Amma shekara ashirin da ɗaya bakinsa bai taɓa furta wancan sunan ba, ko a zuciyarsa ba da shi yake kiranta ba, shi ya sa da aka ce masa sunanta, abin da ke bakinsa ya fito.

"Kwana uku," ya ce a hankali. "Kwana uku ana neman yarinyar da babu ita a takarda."

"Ba a kanka aka fara ba," in ji Lado. "Sha kunu, an kira salla."

Ya karɓi kofin ya ajiye. Duk tsakin da ya yi wa mutanen bayan motarsa ya dawo masa. Nan take ya kira Tunjai, ba a ɗauka ba. Ya kira Lefteris, wayar a kashe. Ya tura musu saƙo, babu wanda ya buɗe.

Washegari ranar zuba kankaren hawa na goma sha huɗu ce, an ce motocin siminti za su iso ƙarfe bakwai. Tun kafin su rufe ƙofa ya fara.

"Yallaɓai, na yi kuskure. Ba wannan ne sunan da ke fasfonta ba."

Ya rubuto shi a takarda tun daga gida. Tunjai ya juya takardar, ya ce ba ya gane rubutun, ya faɗa da baki. Munzali ya dubi titi. Ya ji kamar tsohuwarsa na zaune a gaban mota da carbinta.

"Haulatu," ya ce. "Haulatu Sagiru."

"To wace ce Kausar?"

"Ita ce."

"Wane ne Sagiru?"

"Yayana. Shi ya riƙe ta."

Ya yi musu bayani iya Turancinsa, yana tuƙi: sunan uwa ne, ba a faɗa, sai a sa wani a kai. Ya yi zaton yanzu ɗaya zai ɗauki waya. Sai Lefteris ya tuntsire da dariya, ya dafa kafaɗar Tunjai.

"Ka ji ko? Sun yi shekara ashirin suna kiranta da sabon suna, amma da wuya ta yi wuya, na asali aka koma nema. Na farko shi ne suna. Sauran fenti ne."

"Ba ka ji shi da kyau ba," in ji Tunjai. "Ubanta ma da aka tambaye shi, wanne ya faɗa? Wanda masu rai ke kira. Wancan na matacciya ne, sai a takarda. Irin naka."

"Irin nawa? A kan takardar wa? Ku ne masu takarda, ku kuka ce a mayar da duk wasiƙar da ta zo da tsohon suna."

"Munzali, gaya masa, wanne ne sunanta na gaskiya?"

Munzali ya kunna sigina, ya gangara gefen titi kusa da wani fili da aka kewaye da kwano, ya tsaya. Ya kashe mota, ya zare makulli ya sa a aljihun gaba. Sanyin mota ya ɗauke, zafin safiya ya fara shigowa.

"Me ya faru? Ta lalace?" in ji Lefteris.

"Lafiyarta lau."

"To yalla, mu tafi, siminti na jira," in ji Tunjai.

"Ya jira. Ku kira tukuna."

"Kai, ka san abin da kake yi? Mota shida ce a hanya. In kankaren nan ya daskare, ba ni zan yi bayani a ofis ba."

"Ni zan yi. Ku ce direba ya ƙi tafiya, su sallame ni, khalas, shi ke nan. Amma tsohuwata da kuka sa na kira sunanta tana kabari, 'yata kuma ban san ko tana numfashi ba. Ba ku za ku yi wasa da su ba. Kai ka kira matar ƙanenka, kai kuma ka kira goggonka. In kun gama sai mu tafi."

Muryarsa ba ta tashi ba. Ya san yadda ake tattara wa direba kayansa a yini ɗaya. Ya san bakuna nawa ke ci daga wannan kujera. Tunjai ya yi wata magana da Turkanci wadda ba ta yi kama da addu'a ba. Lefteris ya dubi agogo, ya dubi ƙeyar Munzali, sannan ya zaro waya.

Tsohuwar ta ɗauka a bugu na biyu. Ana jin muryarta har gaba, siririya mai kaifi. Ta ce a ba ta minti biyar. Tunjai ya ga an riga shi, shi ma ya kira. Suka zauna cikin zafi, gumi na jiƙa musu takunkumi. Wayar Tunjai ta yi ta ƙara daga wurin aiki, yana katsewa.

Ba a kai minti biyar ba tsohuwar ta kira. Lefteris ya saurara, ya sauke wayar daga kunne.

"Hawa na uku, ɗakin baya. Mai kula da gidan ya san ta, ya ce ita ce mai gaishe shi kullum. Motar asibiti ta ɗauke ta mako biyu da suka wuce, ba ta iya numfashi sosai. Bai san inda aka kai ta ba."

Munzali ya sa makulli, ya tayar da mota. Ya kai su wurin aiki a makare da minti ashirin da biyar. Tunjai ya fita da gudu yana ihu, bai ko rufe ƙofa ba.

Bai shiga rumfar direbobi ba. Ya zauna a mota a inuwar katanga, wayar a kan cinya, yana jin ƙarar famfon kankare. Tara ta yi, goma ta yi. Wani ɗan ofis ya zo ya ce manaja na son ganinsa in an tashi. Ya ce to. Ya yi azahar a gefen taya a kan kwali. Yana sallamewa waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba ce mai tsawo. Wata mata ta yi magana da harshen da bai sani ba, sai ƙarar takalmi a kan daɓe, sai shiru.

"Baba?"

Muryar ƙarama ce, tana fita da ƙyar, amma ita ce.

"Na'am. Na'am, Kausar. Ina jin ki."

"Baba, ka yi haƙuri. Wayata na ɗaki, ba su bar ni na ɗauko ba. Kuma ban haddace lambarka ta can ba, ta Umma kawai na sani, ita ma tsohon layin. Jiya suka cire mini abin hanci. Na fara cin abinci."

"Alhamdu lillahi. Kada ki yi magana da yawa."

"Wata mata ce daga ofis ta aiko da lambarka, wai babana na nemana daga Qatar. Ya aka yi ka gano ni?"

"An taimaka mini."

"Su wa?"

"Wasu mutane ne a wurin aiki. Ki bar wannan. Me kike buƙata?"

Ta ce caja da wayarta, da hijabi, da silifas, don da ƙafa ɗaya a takalmi aka ɗauko ta. Ta ce likita ya ce in ta ci gaba haka za a sallame ta kafin salla ko bayanta da kwana ɗaya. Matar ta karɓi wayarta, ta faɗi wata kalma mai taushi, ta kashe.

Ya daɗe zaune, goshinsa a kan sitiyari. Da ya ɗago, sai ga su suna tahowa daga gindin gini, hulunan kwano a hannu, siminti har gwiwar Tunjai. Tun daga nesa ya gane abin da suke yi. Lefteris yana nuna ƙirjinsa, Tunjai yana kaɗa yatsa yana nuna tasa wayar. Wane ne ya gano ta. Kuma dole ya sake roƙonsu, don wani ne zai hau hawa na uku ya ɗauko caja da silifas ya kai asibiti, sannan ga manaja na jira.

Ya ɗaga gilashi ya kulle ƙofofin ta ciki. Su tsaya a rana tukuna. Ya lalubo lambar Sakinatu, ya kira, ta ɗauka tun bai gama shiga ba.

"Malam?"

"Tana da rai. Yanzu muka yi magana. Zauna in gaya miki."